Maggi Mai Tauraro, Sukari Mai Iyali: Kasuwa Tana Sayen Fuskar da Ta Shaida

Tun kafin zancen tambarin kasuwanci ya shiga bakin masana tallace-tallace, kasuwannin ƙasar Hausa sun san abin da yake nufi. Uwar gida idan ta aiki yaro wurin mai tireda, cewa take yi a sayo Maggi mai tauraro ko sukari mai iyali, dattawa kuma ba su manta da taba mai zobe ba. Kamfanonin sun rubuta sunayensu da Turanci a jikin kwali, kasuwa kuwa ta dubi hoton da ke jiki ta raɗa wa kayan suna da shi. Wanda ya yi boko da wanda bai yi ba duk hanya ɗaya suke bi wajen gane kaya a kan kanta: launi, da siffa, da zane.

Abin mamaki shi ne yadda ƙananan 'yan kasuwar yau, waɗanda suka fi iyayensu kayan aiki nesa ba kusa ba, suke wasa da wannan ilimi. Mai turaren wuta za a ga hoton shafinta na Instagram ruwan zinariya ne, sitikar kwalbarta shunayya, ledar da take zuba kaya ruwan hoda, sunan sana'ar kuma an rubuta shi iri uku. Mai kilishi allon shagonsa daban, kwalinsa daban, rasit ɗinsa daban. Duk lokacin da sitika ta ƙare aka koma maɗaba'a, sai a dawo da sabon zane, saboda mai ɗab'in ya ce wannan ya fi kyau. Asarar da ke cikin wannan ba ta bayyana a littafin lissafi, amma asara ce ta kuɗi, domin kowane sauyi yana goge shaidar da mai saye ya fara yi wa kayan.

Abin da Tropicana ta koya da tsada

A farkon shekarar 2009 kamfanin PepsiCo ya sauya kwalin lemon Tropicana a Amurka. Shekara da shekaru an san kwalin da hoton lemon zaƙi da aka soka wa tsinken zuƙa. Sabon zanen ya cire wannan hoto ya sa kofin lemo a gurbinsa, ya kuma juya rubutun sunan ya koma a tsaye. Lemon da ke ciki bai canja ba. Cikin ƙasa da wata biyu ciniki ya faɗi da kimanin kashi 20 cikin 100, abin da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 30, kuma kafin ƙarshen watan Fabrairu kamfanin ya sanar da komawa tsohon kwali. Masu saye da dama sun koka cewa sun daina gane kayan a kan kanta, wasu sun ce ya koma kamar lemon araha marar suna. A watan Oktoba na 2010 kamfanin tufafi na Gap ya fitar da sabon tambari, ya janye shi bayan kimanin mako guda.

Waɗannan kamfanoni ne masu tarin dukiyar da za su iya ɗaukar asarar su gyara. Mai sana'ar fura da yogot da ke da kwastomomi ɗari biyu ba shi da wannan gata. Idan wanda ya sha ya ji daɗi ya dawo bayan sati biyu ya buɗe firjin kanti bai ga robar da ya sani ba, hannunsa zai kai kan ta wani ne, kuma ba zai kira kowa ya yi ƙorafi ba.

Dalilin haka yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. A 1968 masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya wallafa binciken da ya nuna cewa yawan ganin abu kaɗai yana sa mutum ya ƙara sakin jiki da shi. Daga baya masu nazarin kasuwanci a cibiyar Ehrenberg-Bass ta Ostireliya, musamman Byron Sharp da Jenni Romaniuk, suka ɗora a kan wannan. A wurinsu ana auna ƙarfin alamar kasuwanci da ma'auni biyu: mutum nawa ne ke tuna sunan kayan idan sun ga alamar, sannan alamar ta kayan ce kaɗai ko kuwa tana tuna wa mutane da wasu. Kyan zane ba ya cikin ma'aunan. Maimaici ne ke gina su, yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Shi ya sa a Nijeriya lema ruwan ɗorawa a bakin titi ke kawo MTN a rai tun kafin a karanta rubutu, kore kuma ya kawo Glo. MTN ya shigo ƙasar a 2001, Glo a 2003, kuma babu wanda ya saki launinsa tun daga lokacin.

Hujjojin masu ƙin yarda

Akwai 'yan kasuwa masu hankali da ke ganin duk wannan ƙawa ce kawai. Hujjarsu ta farko ita ce kaya mai kyau shi ke sayar da kansa. Gaskiya ne cewa babu launin da zai ceci kilishin da ya yi tsami, kuma kwali mai ƙyalli a kan kaya marar inganci kyan ɗan maciji ne. Sai dai inganci yana amfanar mai shi ne kawai idan an san daga hannun wa ya fito. Wadda aka kawo wa tsarabar turare ta ji ƙamshinsa, idan kwalbar ba ta ɗauke da alamar da za ta iya nema, yabonta ya tafi a iska, ko ma ya faɗa aljihun maƙwabcin shago.

Hujja ta biyu ita ce tsada. A nan ma tarihi bai goyi bayansu ba. Alamar Nike, wadda ake ganewa a duk faɗin duniya, wata ɗaliba ce mai suna Carolyn Davidson ta zana ta a 1971, aka biya ta dala 35. Darajar da alamar ke da ita yau ta samu ne daga shekaru sama da hamsin da aka yi ana maimaita ta a jikin takalmi da riga da allon talla. Hasali ma yawan sauyi shi ne ya fi cin kuɗi, tun da kowane sabon zane yana bukatar sabon allo, sabuwar sitika, sabon kwali, ga kuma kuɗin mai zane.

Hujja ta uku ta fi nauyi: duk kayan da suka yi suna, masu jabu za su kwaikwayi kamanninsu. Haka ne, kuma matsalar tsohuwa ce. Ita ce ta sa kamfanin Coca-Cola ya nemi kwalbar da za a gane ko a cikin duhu aka taɓa ta, ko a fashe aka gan ta a ƙasa, har kamfanin Root Glass na jihar Indiana ya samar da kwalbar nan mai ƙugu a 1915. Darasin shi ne tsayayyar kama ita ce ke tona asirin jabu. Kama da wane ba ta wane ba, amma sai an san wane ɗin sarai kafin a gane mai kama da shi. Ɗan kasuwar da ke sauya sitika duk bayan wata uku ya sauƙaƙa wa ɓarawo aiki, domin kwastomansa ya saba ganin baƙuwar fuska yana karɓa.

Abubuwan da za a tsayar

Ƙaramin kasuwanci ba ya bukatar kundin ƙa'idoji mai shafi hamsin irin na manyan kamfanoni. Shafi ɗaya ya isa, muddin an yanke shawara a kan abubuwa kaɗan an kuma tsaya a kansu.

Na farko shi ne suna, da rubutunsa guda ɗaya tak. Idan sunan Hausa ne mai haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, a tabbata salon harufan da aka zaɓa yana ɗauke da su. Da yawan salon harufan ƙawa ba su da su, sai kwamfuta ta sa akwati a gurbinsu ko ta aro harafin daga wani salo, ko kuma mai ɗab'i ya cire ƙugiyar gaba ɗaya, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Jerin harufan Noto na Google da Andika da Charis na SIL duk suna da su, kuma kyauta ne. Salo ɗaya ko biyu ya wadatar da komai, daga allon shago har rasit.

Na biyu shi ne launi. Cewa mai ɗab'i a yi kore bai isa ba, don kore iri-iri ne. Kowane launi yana da lambarsa, kuma lambar fuskar waya daban take da ta takarda: waya tana haɗa launi da hasken ja da kore da shuɗi, maɗaba'a kuwa tana haɗa shi da tawada huɗu. Wannan ne ya sa launin da ya yi haske a waya kan fito a dushe a kan leda. Mai sana'a ya karɓi lambobin biyu daga mai zane, ya ajiye samfurin bugun da ya gamsu da shi, ya riƙa kai shi maɗaba'a a gwada da sabon aiki kafin a buga da yawa. Launi biyu sun fi biyar sauƙin riƙewa, sun kuma fi araha a wajen bugu.

Na uku shi ne tambari. Gwajinsa mai sauƙi ne: a rage shi ya koma girman hoton shafin WhatsApp, a buga shi da baƙar tawada kaɗai kamar hatimi, sannan a dube shi daga tsallaken titi. Idan ya tsira a duka ukun, ya yi. Akwai kuma tarkon zanen da aka riga aka shirya a manhajoji irin su Canva. Suna da sauƙi, amma dubban mutane ne ke ɗiba daga rumbu ɗaya, shi ya sa masu kayan kwalliya da masu girki da masu ɗinki da yawa suke yawo da kambi ɗaya da fure ɗaya da ruwan zinariya ɗaya. Alamar da kowa ke da ita ta faɗi ma'aunin Romaniuk na biyu tun daga ranar farko. Gara abu mai sauƙi da kasuwa za ta iya raɗa wa suna, kamar yadda ta yi wa tauraro da zobe.

Na huɗu shi ne salon hoto. Mai sayar da kaya ta intanet hotunansa su ne kantarsa. Shimfiɗa ɗaya, haske ɗaya, da wuri ɗaya da tambari ke zama a kowane hoto, su ne ke sa a gane kayan ko da an tura hoton daga waya zuwa waya babu suna.

Mallaka da kariyar doka

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin asalin zanen a kwamfutar mai ɗab'i. Ranar da aka sami saɓani, ko shagon ya tashi, ko kwamfutar ta lalace, sai a wayi gari babu abin da ya rage sai hoton da WhatsApp ya matse ya dusashe, daga nan kuma a fara sabon zane. Mai sana'a ya karɓi asalin fayil ɗin, irin wanda ake faɗaɗawa ba ya fashewa, ko na CorelDRAW ne ko SVG ko PDF, ya ajiye shi a wuri biyu. Ya kuma karɓi takardar da mai zanen ya sa hannu cewa ya miƙa masa haƙƙin zanen, domin dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya a rubuce ta yarda a miƙa haƙƙi.

Da yawa kuma suna zaton rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ta kare musu tambari. Abubuwa biyu ne daban. Tambari ana yi masa rajista ne a ofishin rajistar tambura da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, bisa dokar 1965. Rajistar farko tana ɗaukar shekara 7, sabuntawa kuma shekara 14 kowane zagaye. Ga 'yan kasuwar Nijar da Kamaru da Cadi, ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde ce ke wannan aiki, kuma rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17 na tsawon shekara 10. Nijeriya ba ta cikin ƙungiyar, don haka mai kai kaya daga Kano zuwa Maraɗi yana bukatar rajista biyu. Wanda ya gina suna shekara goma bai yi rajista ba, zai iya tarar da wani ya riga shi, a bar shi da doguwar shari'ar tabbatar da cewa shi ya fara.

Yaushe ake sauyi

Tsayuwa a kan kama ɗaya ba ta haramta gyara ba. A 2022 MTN ya sabunta tambarinsa ya rage masa ado, amma ya bar ruwan ɗorawa da zagayen nan mai siffar ƙwai, don haka babu wanda ya ɓace masa. Ƙa'idar ita ce a gano abin da mutane ke shaida kayan da shi, a bar shi, a gyara sauran. Babban abin da ya kamata a yi hattara da shi kuwa shi ne gundurar mai sana'ar kansa. Shi yana ganin tambarinsa sau ɗari a wuni, kwastoma yana ganinsa sau biyu a wata. Lokacin da mai shi ya fara gajiya da launinsa, a lokacin ne kasuwa ta fara haddace shi.

Akwai gwajin da kowane mai sana'a zai iya yi a wannan makon ba tare da kashe ko kwabo ba. Ya tara sitikarsa da ledarsa da rasit ɗinsa da hoton allon shagonsa da hotuna goma na ƙarshe da ya ɗora a shafinsa, ya rufe sunan a kowanne, ya nuna wa kwastomomi biyar ya tambaye su ko na wane ne. Idan sun faɗi sunan ba tare da jinkiri ba, abin da yake da shi ya isa, sai ya kiyaye shi. Idan sun yi shiru, ko sun ambaci wani, ya zauna ya rubuta shafin nan guda kafin ya sake biyan kuɗin bugu.