IFK Göteborg: Ƙungiyar Da Bai Kamata A Sayar Ba

A cikin watan Maris na 1982, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta IFK Göteborg, ta ƙasar Suwidin, ta sami kanta cikin wani hali na ban tausayi. Tana da wasa da ƙungiyar Valencia a ƙasar Sipaniya, a zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe na gasar Kofin UEFA, amma kuwa asusunta ya bushe, bashi ya yi mata katutu, shugabanninta kuma sun ajiye muƙamansu. Sai da ƙungiyar magoya bayanta ta ranta mata kuɗi sannan ta iya biyan kuɗin tafiya. Bayan wata biyu kacal, wannan ƙungiya da ta rasa kuɗin jirgi ta doke Hamburg ta Jamus da ci 1 da nema a gida, ta bi ta har gidanta ta ƙara mata 3 da nema, ta ɗauko kofin. Har yau babu wata ƙungiyar Suwidin, ban da ita, da ta taɓa cin wani babban kofin Turai.

Tarihin wannan ƙungiya ya cancanci nazarin 'yan kasuwa, domin a cikinsa akwai tambayar da kowane mai ƙaramin kamfani kan fuskanta a ranar da manyan masu jari suka shigo kasuwarsa: shin ya sayar da mallakarsa ga mai hannu da shuni don ya ci gaba da gogayya, ko kuwa ya riƙe abinsa ya gyara tafiyarsa? Abin da ya faru da IFK yana nuna cewa hanya ta biyu ta fi, muddin an bi ta da tsentseni.

An kafa ƙungiyar ne ranar 4 ga Oktoba, 1904, a birnin Göteborg, birnin masana'antu da tashar jiragen ruwa, inda kamfanonin Volvo da SKF suke da hedkwatarsu. Tun farko ma'aikata da leburori ne ginshiƙin magoya bayanta. Ta sha hawa da sauka. Ta zama zakaran ƙasa a 1969, amma a shekarar da ta biyo baya ta faɗa rukuni na biyu, ba ta kuwa fito ba sai a ƙarshen 1976. A 1979 ta ɗauki wani matashin mai horarwa da ba a san shi ba sosai, Sven-Göran Eriksson, wanda daga baya ya horar da 'yan wasan ƙasar Ingila.

Jarin Eriksson shi ne tsari. 'Yan wasansa da yawa suna da sana'o'insu, da rana su je aiki, da yamma su zo fili. A cikinsu har da kuku da mai gyaran famfo da ɗan kwana-kwana. Ya koya musu su riƙa tafiya tare kamar tsintsiya, su matsa wa abokan karawa tun daga gidansu, kowa ya san wurin da zai tsare. Da wannan suka kayar da ƙungiyoyin da ke biyan albashi mai tsoka. Shaidar cewa tsarin ne ya yi aikin ita ce abin da ya biyo baya. Eriksson ya koma Benfica ta Fotugal a 1982, Torbjörn Nilsson ya tafi Kaiserslautern, wasu manyan 'yan wasan suka bi sahu, duk da haka ƙungiyar ta kai wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a 1986, inda ta ci Barcelona 3 da nema a gida kafin a rama mata a fitar da ita a bugun fenariti. A 1987 kuma ta sake ɗaukar Kofin UEFA bayan ta doke Dundee United ta Sikotilan. A kakar 1994 zuwa 1995 ta zo ta ɗaya a rukunin da ya ƙunshi Barcelona da Manchester United da Galatasaray, ta kuma riƙe kambun ƙasarta shekara huɗu a jere, daga 1993 zuwa 1996.

Daga nan ne kasuwa ta juya. A cikin watan Disamba na 1995, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar wani ɗan wasan Beljiyam, Jean-Marc Bosman, cewa ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana iya komawa wata ƙasar Tarayyar ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa ko anini ba, aka kuma soke ƙayyade yawan 'yan wasan ƙasashen Tarayyar da ƙungiya za ta iya sa wa a fili. A daidai wannan lokaci kuɗin nuna wasanni a talabijin ya riƙa hauhawa, kuma mafi yawansa yana kwarara ne zuwa Ingila da Italiya da Sipaniya da Jamus, inda masu kallo suke da yawa. Daga 1997 aka fara bai wa manyan ƙasashe gurbi fiye da ɗaya a gasar zakarun Turai. Ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan goma da 'yan kai ba, ba ta da yadda za ta yi ta tara irin wannan kuɗi. IFK ta koma mai reno don wasu su mora. Jesper Blomqvist ya tafi AC Milan, Marcus Berg ya tafi Groningen ta Holan, haka nan Alhassan Yusuf, ɗan Kano, wanda ya zo ƙungiyar a 2018, aka sayar da shi ga Royal Antwerp ta Beljiyam a 2021. Rabon IFK da zama zakaran ƙasa tun 2007, wanda shi ne karo na 18, kuma a 2023 da ƙyar ta tsira daga faɗawa rukuni na biyu.

Masu ganin ya kamata a buɗe ƙofa ga attajirai suna ɗora laifin a kan wata ƙa'ida ta hukumar wasannin Suwidin, wadda aka fi sani da ƙa'idar kashi 51. Ƙa'idar ta yarda ƙungiya ta kafa kamfani ta sayar da hannun jari, amma dole rinjayen ƙuri'a ya zauna a hannun 'yan ƙungiya masu biyan kuɗin shekara. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Babu ɗan kasuwar da zai zuba dukiyarsa mai yawa a wurin da ba shi da ta cewa, kuma taron 'yan ƙungiya yakan yi nawa wajen yanke shawara, wani lokaci ma zuciya kan rinjayi lissafi. An kawo batun sassauta ƙa'idar a babban taron hukumar na 2013, aka ƙi amincewa.

Sai dai akwai abin da wannan hujja ba ta iya bayyanawa ba, shi ne ƙungiyar Malmö FF. Ita ma 'yan ƙungiya ne ke da ita, ƙa'ida ɗaya ce ta ɗaure su, kasuwar talabijin ɗaya suke ci. Amma Malmö ta buɗe sabon filin wasa a 2009 wanda mallakarta ne, ta shiga zagayen rukuni na gasar zakarun Turai a 2014 da 2015 da 2021, ta tara abin da ta samu har ta zama mafi arzikin ƙungiyoyin ƙasar, kuma a 2016 ta wuce IFK a yawan kambun ƙasa. Ita kuwa IFK, wadda ta riga kowa ɗanɗana kuɗin gasar zakarun Turai a shekarun 1990, tana wasa ne a Gamla Ullevi, filin da yake mallakar birni, wanda take haɗaka da wasu ƙungiyoyin garin. Bambancin da ke tsakaninsu yana cikin yadda kowacce ta juya ribar shekarun albarka. Ƙa'idar ba ta hana Malmö komai ba.

Kowane ɗan kasuwa ya san cewa kuɗin sayar da ɗan wasa, ko ladan shiga wata babbar gasa, kamar cinikin kaka ne, yakan zo bana ya ƙi zuwa baɗi. Wanda ya ɗora albashin wata-wata a kan irin wannan kuɗi ya yi gini a kan yashi. Wurin da ya dace da shi shi ne kadara mai ɗorewa, wato fili da makarantar horar da yara da ajiya don ranar tsanani. Albashi kuwa sai a auna shi da abin da ke shigowa kullum daga tikiti da masu talla da kuɗin 'yan ƙungiya.

Akwai kuma abin da mallakar jama'a ke bayarwa wanda ba ya fitowa a littafin akanta. Attajiri yana iya gajiya, ko harkarsa ta karye, ya tattara ya tafi ya bar ƙungiya da bashi, an kuwa sha ganin haka a Ingila da Italiya. 'Yan ƙungiya ba su da inda za su. Mutanen da suka haɗa kuɗin tafiya Valencia a 1982 ba riba suka hanga ba, abinsu suke ceto. Da a ce IFK mallakar mutum ɗaya ce a wancan lokaci, da wuya leburorin tashar jiragen ruwa su sa hannu a aljihu don biyan bashin wani.

Saboda haka abin da ya kamaci 'yan IFK Göteborg shi ne su riƙe ƙuri'arsu, su kuma yi amfani da ita wajen zaɓen shugabannin da suka san lissafi, waɗanda za su iya gaya wa magoya baya cewa bana ba za a sayi fitaccen ɗan wasa ba domin ana tara na gobe. Mai yiwuwa ne kofin Turai ba zai sake zuwa Göteborg nan kusa ba, ganin irin ratar da ke tsakanin kasuwanni. Amma komawa kan gaba a cikin gida abu ne da ƙungiya mai ɗimbin magoya baya irin nata za ta iya, ba tare da ta sayar da abin da aka gada tun 1904 ba.