Murar Karnuka: Yadda Take Tsallakawa Daga Dabba Zuwa Dabba

A cikin shekarar 2004 ne likitocin dabbobi a Jihar Fulorida ta Amurka suka ga wata irin mura ta ɓulla a tsakanin karnukan tsere. Da aka bincika, sai aka tarar ƙwayar cutar, wadda ake kira H3N8, daga dawaki ta tsallako. Akwai kuma wata, H3N2, wadda asalinta daga tsuntsaye ne. An gane ta a jikin karnuka a Koriya ta Kudu cikin 2007, ta kuwa isa birnin Cikago cikin 2015, inda ta kwantar da karnuka fiye da 1,000.

To, ta yaya take yaɗuwa? Idan kare ya yi tari ko atishawa, ƙwayoyin cutar sukan bi iska su shiga hancin na kusa da shi. Haka kuma sukan maƙale a kwanon abinci, da igiyar ɗauri, da hannun mai kiwo. Sukan yi awa 48 da rai a kan kaya, awa 24 a jikin tufafi, awa 12 a hannu. Babbar wahalar ita ce, kare yakan fara raba cutar tun kafin alama ta bayyana a jikinsa, wato cikin kwana biyu zuwa huɗu na farko. Wasu ma ba sa nuna alama ko kaɗan. Shi ya sa ta fi yin ɓarna inda aka tara karnuka da yawa wuri guda.

Kyanwa ma ba ta tsira ba. A 2016 an sami kyanwoyi sun kamu da H3N2 a wani gidan ajiye dabbobi a Jihar Indiyana, suna majina da dalalar miyau. Amma har yanzu ba a tabbatar murar karnuka ta kama ɗan Adam ba.

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Murar tsuntsaye ta shigo Nijeriya tun 2006, ga shi kuwa a ƙasar Tailan an taɓa samun karen da ya mutu bayan ya ci mushen agwagwa mai ɗauke da ita. Saboda haka ya kamata mafarauta da makiyaya da masu karnukan gadi su daina jefa wa kare mushen kaza. A binne shi da zurfi. Karen da ke tari da zazzaɓi kuwa, a ware shi har mako huɗu, a raba masa kwano, a wanke hannu da sabulu, sa'an nan a nemi likitan dabbobi. Yawancinsu sukan warke cikin mako biyu zuwa uku idan sun sami kulawa.

Allah ya kiyashe mu, ya kiyaye dabbobinmu.