Mayun Much Deeping da Masu Karatun da Suka Ce An Yaudare Su

Akwai wani nau'in labarin kisan kai da Turawan Ingila da Amurka suke kira "kozi", wato mai sanyi. Ƙa'idarsa sananniya ce: ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, gawa guda ko biyu ba tare da an nuna jini ba, da mai bincike wanda ba ɗan sanda ba ne, sau da yawa dattijuwa mai son shayi da jin gulma. Idan aka zuba maita a cikin wannan tukunya, sai masu karatu su rabu biyu. Wasu suna fushi idan sihirin ya zama gaskiya, wasu kuma suna fushi idan ya zama ƙarya. Littafin da ya fi fito da wannan saɓani fili shi ne The Pale Horse na Agatha Christie, wanda ya fito a 1961. (Wanda bai karanta ba ya sani cewa za a tona yadda ake kisan a nan, amma ba za a faɗi sunan mai yin sa ba.)

Labarin ya fara da kashe wani limamin Katolika, Fada Gorman, a kan titin Landan, jim kaɗan bayan wata mata da ke gargarar mutuwa ta faɗa masa jerin sunaye. An samu takardar a cikin takalminsa. Sunayen na mutanen da suka mutu ne ɗaya bayan ɗaya, kuma likitoci sun ce ciwo ne ya kashe su. Sawun ya kai Mark Easterbrook, wani masanin tarihi, zuwa ƙauyen Much Deeping, inda mata uku suke zaune a wani tsohon masauƙin baƙi: Thyrza Grey mai iƙirarin kashe mutum daga nesa, Sybil mai hawan iska, da Bella mai dafa abinci wadda ke yanka farin zakara. Mai son a kawar masa da wani zai je wurin wani korarren lauya a Birmingham, su yi caca a kan ko mutumin zai kai wata rana da rai. Idan ya mutu, sai a biya.

A ƙarshe sai ta bayyana cewa tsafin duk hayaƙi ne. Guba ce mai suna taliyom ake sa wa mutane a cikin kayan amfaninsu na yau da kullum, bayan an aika mata gida-gida da sunan binciken kasuwa sun rubuta irin kayan da kowa yake saye. Alamar da ta tona asiri ita ce zubewar gashi.

Nan ne ƙorafin kashi na farko yake. Sun ce marubuciyar ta kwashe shafuka tana gina tsoro, ta kai su ɗakin tsafi cikin duhu, har jikinsu ya yi sanyi, sannan ta ce musu ai maganin ɓera ne. Ƙorafin yana da ɗan tushe, domin babin zaman tsafin yana daga cikin mafi ƙarfi a littafin, kuma bayanin da ya biyo baya ya fi shi laushi. Akwai ma masu jin haushin cewa babu Poirot babu Miss Marple, Ariadne Oliver kuwa leƙowa kawai take yi ta koma. Wannan na biyun ba abin tsayawa a kai ba ne.

Sai dai masu cewa an yaudare su sun manta da alƙawarin da irin wannan littafi yake ɗauka tun daga bangonsa. A 1929 Ronald Knox, wani limamin Katolika mai rubuta labaran bincike, ya jera dokoki 10 na wannan fanni, ta biyunsu kuwa ta haramta warware kisa ta hanyar aljanu ko wani ƙarfin gaibu. Dalilin a bayyane yake: labarin bincike wasa ne tsakanin marubuci da mai karatu, kuma dole a bai wa mai karatu damar gano mai laifi da hankalinsa. Idan tsinuwa tana iya kashe mutum daga nisan mil 100, to shaidar inda kowa yake a daren kisan ba ta da amfani, wasan ya watse. Christie, wadda ta shugabanci ƙungiyar marubuta ta Detection Club daga 1957 har rasuwarta, ta san wannan sarai.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne aikin da maitar take yi a cikin makircin. Ba ado ba ce. Ita ce garkuwar mai kisan. A 1951 Birtaniya ta soke tsohuwar dokar maita ta 1735, don haka babu kotun da za ta ɗaure mace saboda ta yanka zakara ta ambaci sunan wani. Wanda ya biya kuɗin yana lallashin zuciyarsa cewa caca ya yi, matan uku suna ganin ƙarfinsu ne ya yi aiki, ɗan sandan da ya ji labarin kuma dariya zai yi. Mai gaskatawa da mai ƙaryatawa duka idonsu yana kan Much Deeping, babu mai tambayar abin da mamacin ya shafa ko ya sha. Mai karatun da ya ji an yi wasa da hankalinsa, daidai abin da aka yi wa kowa a labarin aka yi masa, kuma da gangan.

Kashi na biyu na masu karatu sun samu nasu kasuwar daga baya, musamman a Amurka, inda jerin littattafai irin na Madelyn Alt da Amanda M. Lee suka mai da mayyar ita ce jarumar, sihirinta kuma na gaske. Kalmar "mayya" ma tana iya ɓatar da Bahaushe a nan, domin wannan ba mai kama kurwa ba ce. Ta fi kusa da mai maganin gargajiya da ke da shago a bakin titi da kyanwa a taga. Masu son waɗannan littattafai ba su yi laifi ba, garin da mutanensa suke so. Amma ko a cikinsu, wanda yake tsayawa a rai shi ne wanda sihiri ya nuna hanya kawai, hankali ya ƙarasa. Da zarar fatalwar mamaci ta faɗi sunan wanda ya kashe ta, sauran shafukan cika takarda ne.

BBC ta gwada faranta wa ɓangarorin biyu a 2020, lokacin da Sarah Phelps ta mai da littafin fim mai kashi 2, Rufus Sewell ya fito a matsayin Easterbrook. An bar gubar, amma an bar ƙofa a buɗe cewa watakila matan suna da wani ƙarfi na gaske. Masu kallo da yawa sun tashi suna tambayar me ƙarshen yake nufi. Fim ɗin ya fi littafin duhu da kyan hoto, sai dai ya zubar da abu ɗaya da Christie ta dage a kai, wato cewa mutuwar da ta gagari fahimta tana da sanadin da za a iya aunawa a ɗakin gwaji.

Christie ta yi aikin haɗa magunguna a asibiti a yaƙin duniya na 1 da na 2, shi ya sa ta bayyana alamomin taliyom dalla-dalla. A 1977 aka kai wata yarinya 'yar wata 19 daga Katar zuwa asibitin Hammersmith a Landan, ciwonta ya ɗaure wa likitoci kai, tana ta ƙara raunana. Wata nas da ke karanta The Pale Horse a lokacin ta lura gashin yarinyar yana zuba, ta faɗa wa likita. Aka yi gwaji aka samu taliyom, wanda aka danganta da maganin ƙwari da ake amfani da shi a gidansu. An yi mata magani ta warke, shekara guda bayan rasuwar marubuciyar a Janairun 1976.