Zauren Uwargida: In Maigida Ya Ce Yau Sai Gidan Abincin Italiya

 

A wannan watan zan ɗan fitar da ke daga madafi, mu leƙa waje. Yanzu a manyan biranenmu, musamman Abuja da Legas, gidajen sayar da abincin Italiya sun yawaita, ga kuma masu sayar da pizza kusan ko'ina. Maigida kan ce yau a huta da girki a fita da yara, kuma wannan abin a yaba ne, domin kyautata wa iyali ibada ce. To amma akwai abin da ya kamata ki sani tun kafin ki zauna a kan kujerar nan, ni kuwa sai da na ji a jikina kafin na koya.

Lokacin da ƙanwar maigidana ta gama jami'a, ya ɗauke mu ya kai mu irin wannan wuri a Abuja don a taya ta murna. Aka miƙo mini takardar jerin abinci, na duba sama na duba ƙasa, ban gane komai ba sai kalmar spaghetti. Kunya ta hana ni tambaya, wai kada a ce baƙauyiya ta zo. Da na ji an ce risotto shinkafa ce, sai na ce ita za a kawo mini, a zuciyata ina cewa me za a saka wa shinkafa? Na yi cokali uku ke nan na ji wani ɗan tsami da baƙon ƙamshi. Ƙanwar tamu ta ce, "Anti, bari dai mu tambaya." Mai kawo abincin ya ce e, da farar giyar inabi ake fara dafa ta, "amma Hajiya ai wuta ta cinye ta." Wallahi 'yar uwa, na ajiye cokalin nan jikina duk ya yi sanyi. Da na tambayi cokali ɗaya kafin a kawo, da ban kai ko loma ɗaya bakina ba.

Kada wannan ya sa ki ɗauka abincin Italiya duk haram ne. Mafi yawansa alkama ce da tumatir da man zaitun da tafarnuwa da cuku da kifi, abubuwan da muka sani. Ke da kike murza taliya a gida ki shanya a igiya, ai ba baƙuwa ba ce a wannan fage, ki dubi ma yadda sunan taliya ya yi kama da Italiya. Kuma Musulmi suna da hannu a tarihinta. Sun shiga tsibirin Sisili da ke kudancin Italiya a shekarar 827, mulkinsu bai ƙare gaba ɗaya a can ba sai 1091. A shekarar 1154 malamin nan masanin ƙasashe, Al-Idrisi, ya rubuta cewa a garin Trabia kusa da Palermo ana yin busasshiyar taliya mai suna itriyya da yawan gaske, har ana loda ta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Matsalar tana wuri biyu ne, naman alade da giya, kuma dukkansu sukan zo da sunan da ba ki sani ba. Haramcin alade yana cikin Suratul Baƙara aya ta 173 da Ma'ida aya ta 3, na giya kuma Ma'ida aya ta 90.

Mu fara da alade. Italiyawa suna ce masa maiale, amma da wuya ki ga wannan kalma a takardar. Abin da za ki gani shi ne prosciutto, wato cinyar alade da aka shanya da gishiri, ko pancetta, wato naman cikinsa, ko guanciale, wato kumatunsa. Haka nan salame da salsiccia da mortadella da speck, a asalinsu duk na alade ne. Lardo da strutto kuwa kitsensa ne, kuma strutto ya fi ɓuya, domin a cikin kwaɓin fulawa ake saka shi, kamar a gurasar da suke kira piadina. Ki rubuta waɗannan sunaye a wayarki, ranar fita ki duba.

Akwai kuma abincin da sunansa bai nuna komai ba alhali aladen yana ciki. Carbonara, wadda mutanen Roma suka shahara da ita, ƙwai ce da cuku da masoro da guanciale. Amatriciana ma da guanciale ake yin ta. Ita kuwa miyar niƙaƙƙen nama ta bolognese, wadda yaranmu suka fi so, mutane da yawa sun ɗauka naman shanu ne zalla. To tsarin girkinta da aka yi wa rajista a birnin Bologna a shekarar 1982 ya haɗa da pancetta da kuma giyar inabi. Da wannan miya ake yin lasagna. Pepperoni da ake jerawa a kan pizza 'yan Italiya mazauna Amurka ne suka fito da shi, kuma galibi haɗin alade da shanu ne. A nan gida wasu wuraren da naman shanu ko kaza suke yin waɗannan duka, saboda sun san masu sayensu, amma ba za ki san wane ne ya yi haka ba sai kin buɗe baki kin tambaya. Ko da kallon ido ba a ganewa, sai ki yi ta yi wa rogo kallon kitse.

Sai giya. Vino shi ne giyar inabi, bianco fara, rosso ja. Risotto kusan kullum da farar ake fara ta. In kin ga marsala a jikin sunan kaza ko nama, to wata giya ce mai sunan wani gari a Sisili. Penne alla vodka kuwa ta faɗi kanta. Abincin teku irin su kifi da jatan lande da aka yi wa romo, shi ma sau da yawa ana zuba masa fara. A kayan zaƙi, tiramisu biskit ne da gahawa da cuku mai laushi da ƙwai da garin koko, amma da yawa suna ƙara masa marsala ko wata giyar, kuma shi ba ya ma hawa wuta. Panna cotta da jelatin ake daskarar da ita, jelatin kuwa da yawansa daga fatar alade ake samo shi.

Maganar da aka faɗa mini ta cewa wuta tana cinye giya, za ki ji ta ke ma. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta fitar da alƙaluma a kan haka. In an zuba giya a girki ya yi minti 15 yana dahuwa, kashi 40 cikin 100 na sinadarin da ke bugarwa yana nan. Bayan awa ɗaya saura kashi 25. Ko an yi awa biyu da rabi, kashi 5 yana nan bai tafi ba. Risotto kuwa kusan minti 20 take yi a wuta, sai ki yi lissafi da kanki.

Akwai wani batu da malamai suka yi saɓani a kansa, shi ne cuku. Cukun nan mai tauri da ake gogawa a kan taliya, Parmigiano Reggiano, dokar yinsa ta wajabta a daskarar da madarar da wani sinadari da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi. In ba a yanka maraƙin yadda shari'a ta ce ba, Imam Abu Hanifa yana ganin sinadarin mai tsarki ne, Imam Malik da Imam Shafi'i kuma suna ganin ba shi da tsarki. Wannan ki kai wa malamin da kika amince da shi. In zuciyarki ba ta natsu ba, cewa kawai za ki yi kada a barbaɗa miki.

To me za ki ci? Abubuwa da yawa. Pizza Margherita tumatir ce da farin cuku da ganyen basil, ɗan uwan ɗoɗɗoyarmu, ja da fari da kore kamar tutar ƙasarsu. Pizza marinara ko cuku babu, tumatir ce da tafarnuwa da man zaitun. Spaghetti al pomodoro taliya ce da miyar tumatir. Aglio, olio e peperoncino tafarnuwa ce da mai da barkono, wato dai taliya da mai da yaji irin tasu. In kina son yaji ya ratsa ki, ki ce arrabbiata, ma'anar sunan ma mai fushi. Pasta alla Norma ta mutanen Sisili da soyayyen baƙin yalo ake yin ta. Ga gasasshen kifi da lemon tsami, ga bruschetta, wato gasasshen burodi da tumatir. Miyar ganye da wake ta minestrone tana da kyau, sai dai ki tambayi romon da aka yi ta da shi, don wasu suna fara ta da pancetta. In nama kike so, ki tambayi inda suke saye da wanda ya yanka.

Tambayoyin ba su da yawa. Akwai alade ko kitsensa a ciki? An zuba giya, ko da kaɗan ce? Da wane romo aka dafa? Wuƙar da ake yanka pizza da tiren da ake gasawa, ɗaya ne da na masu alade? Kada ki ce "halal ne?" ki tsaya nan, domin wani mai kawo abincin bai ɗauki giyar girki a bakin komai ba, zai ce miki e da zuciya ɗaya. In kin ga yana inda-inda, cikin ladabi ki ce ya je ya tambayo kuku. Kuɗinku za ku biya, kuma matambayi ba ya ɓata. In Allah ya kai ki Italiya kanta, ki riƙe senza maiale, wato ban da alade, da senza vino, ban da giyar inabi, da senza alcol.

Wurin zama ma abin dubawa ne. Yawancin waɗannan gidaje suna sayar da giya, kuma hadisi ya hana mumini zama a teburin da ake shan ta. In da hali maigida ya fara leƙawa ko ya buga waya kafin ranar, a zaɓi wurin da ba a sayarwa. In kuwa kin isa kin ga wurin ya fi kama da mashaya, ki ce a ƙunshe muku ku tafi gida, ko ku sauya wuri, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ki tuna yara suna kallo, abin da suka ga Mama ta zauna a cikinsa hankali kwance shi za su ɗauka daidai ne. Ku kuma duba lokacin salla kafin ku fita, don girkinsu yakan ɗauki lokaci, kada Magariba ta wuce kuna jiran pizza.

Sai batun aljihun maigida. Tsarin cin abincinsu hawa-hawa ne: antipasto abin buɗe baki, primo taliya ko shinkafa ko miya, secondo nama ko kifi, contorno ganye ko dankalin da ke raka shi, dolce kayan zaƙi. Ba dole ba ne ki bi su duka, ko su kansu ba kullum suke yi ba. Kowanne kuɗinsa daban, kuma nama yakan zo shi kaɗai, abin rakiyarsa sai an saya. Farashin da ke takardar ma wani lokaci ba shi ne ƙarshe ba, akwai harajin VAT wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 a Nijeriya tun shekarar 2020, wasu kuma suna ɗora kuɗin hidima. Ki tambayi maigida tun a gida nawa ya ware, a yi daidai ruwa daidai tsaki. Babbar pizza ɗaya ta ishi yara biyu ko uku, abin da ya rage a ƙunshe muku, almubazzaranci ba wayewa ba ce. In kuma kin ji taliyar da ɗan tauri a tsakiya kada ki ce ba ta nuna ba, haka suke son ta, suna ce mata al dente. In mai laushi kike so ki faɗa tun farko.

Wata za ta karanta wannan gabanta ya faɗi, ta tuna ta sha cin carbonara ko tiramisu. Ki kwantar da hankalinki, malamai sun yi bayani cewa wanda ya ci cikin rashin sani babu zunubi a kansa. Ki yi istigfari ki kiyaye gaba, ki kuma sanar da yaranki, musamman waɗanda ke makarantar kwana ko jami'a ko ƙasar waje, su da ke fita da ƙawaye ba kya nan. Ni yanzu 'yata ta fari ita ke riga ni tambaya, har mai kawo abinci ya yi murmushi, ni kuwa daɗi nake ji.

A nan zan dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta rubuto mana kamar yadda aka saba. Allah ya ciyar da mu halal, ya tsare mu da zuriyarmu daga haram, ya ƙara wa mazajenmu buɗi. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.