A Fara Da Tsaron Hanya

A shekarar 2025 mutanen Kanada masu yawa sun fasa zuwa hutu Amurka, saboda harajin da Shugaba Trump ya ɗora wa kayansu, da kuma maganar da ya riƙa yi cewa ƙasarsu ta zama jiha ta 51. Sai suka karkata da kuɗinsu zuwa garuruwan ƙasarsu, gwamnatinsu kuwa ta buɗe musu gandayen shaƙatawa kyauta daga watan Yuni zuwa farkon Satumba. Su da kansu suka zaɓi inda za su.

Mutumin Jangebe ba shi da wannan zaɓi. Akan ce wai Bahaushe bai san yawon shaƙatawa ba, in ban da fatauci da aikin Hajji. Wannan magana ba ta da tushe. A da, da zarar an kai amfani gida, mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun sukan cika motoci, wasu su tafi ziyarar Hubbaren Shehu a Sakkwato, wasu kallon bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934. Waɗanda aljihunsu bai kai ba kuwa, ga madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978, nan kusa da su. Direba da mai fura da mai soya kifi duk sukan sami na cefane daga irin wannan zirga-zirga.

Tsoro ne ya hana su fita. Tun daga daren 26 ga Fabrairu 2021, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandare ta Jangebe, magidanci yakan yi dogon tunani kafin ya ɗora iyalinsa a mota, ko da ziyarar Sallah ce. A watan Satumba na shekarar har layukan waya aka rufe a jihar, aka dakatar da kasuwannin mako, don a takura wa ɓarayin daji. Mai hali ya hau jirgi ya tafi Umra ko Dubai, kuɗinsa su ƙare a can; talaka ya zauna gida.

Saboda haka, duk wani shiri na bunƙasa yawon buɗe ido a Jihar Zamfara ya kamata ya fara da tsaron hanya kafin a yi maganar gina masaukin baƙi. Wajibi ne Gwamnatin Jiha da ta Tarayya su girke jami'an tsaro na dindindin a kan hanyar Gusau zuwa Talata Mafara zuwa Sakkwato, da hanyar da ta ratse zuwa Jangebe, da kuma kewayen Bakolori.