Da Tsohuwar Zuma A Ke Magani, Amma Ba A Barinta A Tsagaggen Tulu

A makon jiya wani dattijo, sakataren wata ƙungiyar unguwa a nan Jos, ya aiko yaro ya kira ni tun sanyin safiya bai sake mu ba. Na iske shi zaune gaban wata tsohuwar kwamfuta, ya yi tagumi. Ya ce, "Ɗana, tarihin unguwarmu duka yana cikin akwatin nan, ga shi ya ƙi magana." Na ce, "Baba, a yi haƙuri, bari mu ji ciwonsa tukuna."

Abin da ke ciki kuwa ba ƙarami ba ne. Akwai sunayen dattawan da suka zo haƙar kuza suka kafa unguwar, da hotunan Salla, da labarin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wani matashi ne ya shirya su shafi-shafi shekarun baya, da manhajar nan ta tsara shafukan intanet mai suna FrontPage, bisa Windows XP. Matashin ya daɗe da barin gari, shafukan sun sauka daga intanet, ba su kuma da wani kwafi sai wannan.

Ciwo uku na samu, kuma na san akwai irinsu a ofisoshi da makarantu da yawa a ƙasar nan.

Na farko, agogon na'urar ya koma shekarun baya. Dalili kuwa wani ɗan batir ne mai kama da kwabo da ke cikin cikinta, shi ke riƙe da kwanan wata sa'ad da a ke kashe ta. In ya mutu, sai na'ura ta manta ranar da a ke ciki, shafuka masu tsaro kuma su ƙi buɗuwa. Muka kwance ta, muka kakkaɓe ƙurar hunturu, muka sa sabon batir, ta dawo hayyacinta.

Na biyu, in an umurci FrontPage ta aika da shafi sai ta yi ta jira ba amsa. Wannan ba laifin na'ura ba ne. Fitowar FrontPage ta ƙarshe ita ce ta 2003, kamfanin Microsoft kuma ya daina yin ta a 2006. Sau da yawa takan dogara ne da wasu 'yan rakiya a wajen masu ajiye shafuka don ta aika, su kuwa galibinsu sun daɗe da sallamar 'yan rakiyan nan. Watau tana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da masu shi suka tashi.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai, domin ya taɓa harshenmu. Da muka buɗe shafukan, sai muka ga an rubuta "qasa" a wurin ƙasa, "xaya" a wurin ɗaya, "vata" a wurin ɓata. Dattijo ya ce ko aljanu ne suka shiga. Ba aljanu ba ne. A wancan zamani tsarin haruffan da na'urorin nan suka saba da shi an yi shi ne don harsunan Yammacin Turai, ba ɓ, ba ɗ, ba ƙ. Sai masu kishin Hausa, irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, suka ƙirƙiro zubin haruffa masu ƙugiya, a ke aron gurbin wasu baƙaƙe a ɗora namu a kai. Dabara ce da ta yi amfani ƙwarai a lokacinta. Amma fa in zubin ya ɓace daga na'ura, sai rigar aro ta koma ga mai ita. Yau tsarin Unicode ya ba kowane harafinmu gurbinsa na kansa. Magani shi ne a bi rubutun a maye kowane baƙi da na gaskiya, a adana shi da tsarin UTF-8, a kuma gyara layin da ke saman shafin mai faɗin tsarin haruffansa. Sai dai a yi hattara, kada a ce wa na'ura ta sauya duka a tashi ɗaya, don akwai v da x a cikin umurnin da ke riƙe da ginin shafin kansa. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Da muka gama, dattijo ya ce to sai a haɗa ta da intanet a ci gaba da aiki. Na ce, "Baba, nan ne ba za mu shirya ba." Tun ran 8 ga Afrilu, 2014 Microsoft ya daina kula da Windows XP, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe da yawa, har da na asibitocin Ingila, ta nemi kuɗin fansa. Wanda duk ya jingina amanar jama'a ga na'urar da ba mai toshe mata ɓaraka, ya yi wasa da ita.

Shafi kuma ba lalle sai da intanet ya ke rayuwa ba, mu mutanen Jos shaida ne. Wani Ba'amurke, Cliff Missen, ya koyar a Jami'ar Jos a 1999, ya ga wahalar da a ke sha wajen samun intanet. Daga nan ne aka haifi shirin eGranary, watau rumbun shafuka da a ke tarawa bisa faifai ɗaya, ɗalibai su karanta ba tare da sun hau layi ba. Haka muka yi wa namu. Shafukan FrontPage rubutu ne tsagwaronsa, kowace na'ura ta zamani tana buɗe su. Muka kwafe su wuri uku, ɗaya ya tafi gidan liman, ɗaya wajen mai unguwa, muka kuma buga muhimman a takarda.

Wanda ya ga gobarar babbar kasuwar Jos ta 2002 ba sai an gaya masa yadda tarin shekaru ke tafiya a dare ɗaya ba. Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyi da masu gidajen ɗab'i: ku duba tsofaffin na'urorinku tun suna numfashi. A gyara su don a kwashe kaya, ba don a tare a ciki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.