Ba Kowace Mantuwa Ce Tsufa Ba

Ranar da goggona ta dube ni ta ce, "Yaro, kai ɗan gidan waye?" dangi suka yi dariya, wai gigin tsufa ne. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, domin ita ta goya ni.

Tsufa kan sa dattijo ya manta inda ya ajiye carbi, can ya tuna. Amma wanda ya ɓata a unguwar da ya shekara 50, ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa ne ke mutuwa. Tun 1906 likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana nau'in cutar da ya fi yawa. Ba ta warkewa tukuna, sai dai kula da hawan jini da ciwon sukari na rage haɗarinta. Kafin mu ce sammu ne, mu kai iyayenmu asibiti.